Tsakuwar Shinkafar Inna

Shekarun baya, zamanin da nake ɗauke da tumbi, wani abu ya shiga tsakanina da mahaifiyata wanda har yau ban faɗa wa kowa ba sai maiɗakina, ita ma don a gabanta aka yi, sai kuma wani malami guda. Jiya na ga wani ɗan'uwa yana tambaya a wannan dandali game da aikin rage tumbi, abin ya taso mini sabo, na ce bari dai in rubuta ko na ji sanyi a raina.

Waɗanda suka san ni yanzu ba za su yarda ba, amma wallahi na yi ƙiba ta gasken gaske. Ni mutumin Wurno ne, ina aiki a ofishin gona a Rabah, ina kuma da 'yar gonar shinkafa ta noman rani a ƙarƙashin dam ɗin Goronyo. Tsakanin garuruwan nan uku nake yawo a kan babur, kuma baburin nan in da yana magana da ya kai ƙarata. Ranar da sikelin ƙaramin asibitinmu ya kasa auna ni, abokina ya ja ni wurin masu sayen shinkafa, aka ɗora ni a sikelin buhu, mutane suna ta dariya, ni ma ina taya su. Amma da na koma gida ban yi dariya ba. Ciwon suga ya riga ya kama ni, gwiwoyina sun ƙi, ban kai shekara arba'in da biyar ba amma a kan kujera nake salla, a gefen sahu tare da tsofaffin da suka haife ni.

Shi wannan abokin nawa ya taɓa yin irin ƙibata, ya je Masar aka yi masa aiki. Ya yi mini bayani cewa tumbin ake yankewa a rage shi, ya koma ɗan ƙarami, mutum ya ci loma kaɗan ya ƙoshi. Na yi ta juya maganar wata da watanni, daga ƙarshe na yanke shawara zan yi. Sai dai a gidanmu ba a yin babban abu ba a faɗa wa Inna ba.

Inna, haka muke kiran mahaifiyata. Ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa mini, sai dai ta ce Babana. Abin da aka san ta da shi a unguwarmu shi ne shinkafa. Kun san shinkafarmu ta gida, a ƙasa ake bugunta, a ƙasa ake shanya ta, ba ta rabuwa da tsakuwa. To Inna tana da ƙoranta guda biyu na regewa, in ta zauna da ruwa tana karkaɗa ƙwarya, shinkafa ta gangara gefe, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, har mata kan tsaya kallo. In ana biki ko suna, wurinta ake kawo shinkafar manyan baƙi. Duk girbi buhun farko na gonata ɗakinta nake kaiwa, kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci a ɗakinta nake cin abinci, shinkafa da man shanu da yaji, wani lokaci da kifi. Tun ina saurayi haka muke, aure ma bai canza wannan ba.

Wata Juma'a bayan na ci na wanke hannu, na soma yi mata bayani a hankali. Ban ma kai ƙarshe ba ta ajiye muhucin da ke hannunta.

"A yanke mi?"

"Tumbin, Inna. Rage shi za a yi kaɗan."

"Ciwo ag gare shi?"

"A'a, ƙibar ce dai..."

"Jikin ga naka na kakanka na, hakanan Allah yay yi ku. Mutum da lahiyatai ya kwanta a yanka shi? Babana, ka ji ni da kyau. In ka bari anka taɓa ma ciki, ban yahe ba."

Tunda nake ban taɓa jin ta faɗa wa ɗanta wannan kalma ba. Na ce to, Inna, an bar maganar. Ta sa mini albarka, na fito.

Bayan wata uku na tafi. Na ce mata ofis ne suka tura ni kwas a Masar kan noman ban-ruwa, ƙaryar kuwa ta zauna daram, don kowa ya san mutanen Masar da wannan aiki. Har yaji ta daka mini ta ƙulle a leda, wai abincinsu ba shi da ɗanɗano. Aka yi aikin lafiya, ba wani babban yanka, 'yan ƙananan huji ne a ciki, in na sa riga ba mai gani. Kafin a sallame ni likita ya zaunar da ni ya ce, mai irin wannan aiki yana ramewa da sauri, kuma ramar sauri tana iya sa tsakuwa ta taru a maɗaciya, wadda wasu ke cewa matsarmama. Ya ba ni ƙwayoyin da zan sha wata shida don kariya, ya ce in guji maiƙo. Na ce to, na dawo gida da ledar yajin Inna ko buɗewa ban yi ba.

Jiki kuwa ya soma zubewa. Riguna suka koma mini kamar na aro, suga ya sauka, ranar da na kai goshina ƙasa a cikin sahu sai da na yi hawaye. Da na ga haka sai na ɗauka ai na gama da asibiti. Ƙwayoyin nan wata biyu na sha, na watsar da sauran a aljihun tebur. Wannan sakaci nawa ne, ba na kowa ba.

Amma a gari ba wanda ya ga lafiya a ramata. Wasu suka ce sammu aka yi mini a wurin aiki, wasu kuma suka soma miƙo mini hannu a ɗarare, kun dai gane ciwon da suke zargi. Maganar ta isa kunnen Inna, hankalinta ya tashi. Ta aika wa wata ƙawarta Bafulatana a Rara ta riƙa kawo mata man shanu sabo duk mako. Da can in ta ajiye mini akushi fita take yi ta ba ni wuri, amma yanzu sai ta zauna a gabana tana kallon hannuna. Ni kuwa loma huɗu, biyar, cikina ya cika har wuya.

"Mi yas same ka, Babana? Abincin nawa na ba ka so?"

"Ina so, Inna. Na ɗan taɓa wani abu ne a hanya."

"Ƙara dai. Ga mai nan, zuba."

Ta ƙara malala man shanu har shinkafar tana iyo. Wa zai ture hannun uwa? Haka zan ta tusawa ina murmushi, in na fito in zagaya bayan gida in amayar, in wanke fuska in hau babur.

Ciwon ya fara ne wata Juma'a bayan la'asar, ina hanyar komawa Rabah. Wani abu ya riƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya zagaya baya, ya hau kafaɗa. Na tsayar da babur a gindin wata bishiya na durƙusa, gumi yana zuba, na kusa awa biyu kafin ya sake ni. Na ce ƙila kifin ne. Mako na gaba ya sake dawowa, na gaba ma haka, kullum bayan abincin Juma'a. Maiɗakina, wadda ta san komai tun farko, ta yi ta fama da ni in je asibiti, ina cewa bari a gama dashen shinkafa. Ana cikin haka idona ya soma yin rawaya, fitsari ya yi ja. Kowa ya ce ciwon shawara ne, Inna ta aiko da jiƙe-jiƙe a galan.

Ranar da abin ya kai ni ƙasa ina gona ne a Goronyo, da hantsi, an sako mana ruwa ina tsaye a bakin kwalbati ina duba rabon ruwan. Sai kawai na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, ga zazzaɓi, ga amai. Manoman da ke kusa suka ciccibe ni zuwa bakin titi, aka kira abokina, ya zo da mota ya wuce da ni Sakkwato. Aka yi hoton ciki. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ɗaga rigata ya ga tabon hujin nan, ya dube ni.

"An yi maka aikin rage tumbi ke nan?"

Na ce eh.

"Ba su ba ka maganin kariya ba?"

Na ja rigata na rufe cikin, shi kuma bai ƙara tambaya ba. Ya ce maɗaciyar ta cika da tsakuwa, ta kumbura, ɗaya ma ta toshe hanya, dole a cire ta gaba ɗaya. Ya ce mutum yana rayuwa ba ita, sai dai ya kiyaye maiƙo. Ni kuwa a lokacin, da ciwon da komai, abin da ya fi damuna daban ne. Na kama hannunsa na ce, likita don Allah, mahaifiyata za ta zo, kada ka ambaci aikin farko a gabanta. Ya ce sirrin marar lafiya nasa ne, ba zai faɗa ba.

Inna ba ta son shiga mota, jiri take yi, rabonta da Sakkwato an daɗe. Amma da na farfaɗo daga aikin, ita na fara gani a kan tabarma a gefen gado, da carbinta. Kwana biyu bayan nan, da safe, likita ya shigo zagaye riƙe da wata 'yar kwalba, ya miƙo mini yana murmushi, ya ce ga abin da ya hana ni sakat. Tsakuwoyi ne ƙanana, sun fi ashirin, wasu ruwan ƙasa, wasu baƙi-baƙi. Inna ta miƙo hannu, na ba ta. Ta kai kwalbar kusa da idonta sosai, don a lokacin yanar ido ta soma rufe mata ido ɗaya. Ta girgiza ta, ta saurari ƙarar.

"Likita, mi ka kawo tsakuwa cikin mutum?"

Likitan ya dube ni. Na kawar da kai. Sai ya ce, "Abubuwa da yawa ne, Hajiya. Wani lokaci daga abinci ne." Ya faɗi gaskiya daidai iyakar abin da na bar masa, ya wuce gado na gaba.

Inna ta buɗe kwalbar ta zazzage a tafin hannunta, ta riƙa juya su da yatsa, yadda take yi in ta gama regewa tana duba abin da ya kwanta a ƙasan ƙwarya. Ta daɗe a haka. Sai ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Na san su. Na shinkahwa na."

"Haba Inna, ba haka ba ne."

"Idon ga ya daɗe ba shi gani, ni ko ina ta ƙarfin hali. Ga shi ina ta cusa ma, ina cewa ƙara. Ashe duwatsu ni ka ba ka."

Maiɗakina tana tsaye a ƙafar gado da kofin shayi a hannu. Ta zuba mini ido, ta ƙi ɗaukewa. Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Magana ɗaya ce: Inna, ni ne na je aka yanke mini tumbi, ramar ce ta kawo tsakuwa, maganin da aka ba ni kuma na ƙi sha. Amma sai kalmar nan ta faɗo mini, ban yahe ba. Na ce a raina bari in warke tukuna, bari mu koma gida, ba a asibiti ba. Inna ta mayar da tsakuwoyin cikin kwalba, ta ƙulle a bakin zanenta, ban kuma ce ta ba ni ba.

Jiki ya warke cikin 'yan makonni. An sha fama da gudawa da farko, ko ƙosai na taɓa sai na nemi bayan gida a guje, har yanzu ma ni da man shanu sai kallo. Wannan duk mai sauƙi ne. Juma'ar farko da na koma Wurno, na zauna a inda na saba zama, sai ga matar ƙanena ta shigo da kwano. Na ce ina na Inna? Inna ta ce daga yau ita za ta riƙa dafa mini. Na leƙa inda take rataye ƙoranta biyu, babu su, ta bayar. Buhun da na kawo bayan girbi ta sa aka kai ɗakin matar ƙanen nawa. Da aka tashi bikin 'yar maƙwabta aka kawo mata shinkafa kamar yadda aka saba, ta mayar, ta ce su nemi mai ido, ita ta kusa kashe nata ɗa.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba, na yi irin ƙoƙarin matsoraci. Na sha ce mata tsakuwar ciki daban take da ta ƙasa, a jiki take haɗuwa, ba haɗiyarta ake yi ba. Sai ta ce, "To mi yas sa ba ta hito ga ƙanenka ba? Shi matatai ka dahwa mai. Kai ɗai ka cin hannuna duk Juma'a." Amsar wannan tambaya ɗaya ce tak, ita ce kuma nake ɓoyewa. Na kai ta aka yi mata aikin ido, ta dawo tana gani har tana zura zare a allura, na ce to Inna, yanzu sai a koma regewa. Ta ce a'a, hannun da ya yi sau ɗaya zai ƙara.

Maiɗakina ba ta bar ni ba. Duk ranar Juma'a ina saka hula za ta ce, "Malam, yau dai ka gaya mata. Hushin uwa kwana nawa na? Tsohuwar ga tana cin kanta." In ce yau insha Allahu. In je in tarar da baƙi, in ce ba dama. In je in tarar tana cikin raha, in ce kada in ɓata mata. In tarar ba ta jin daɗi, in ce ba yau ba. Ashe uzuri ba ya ƙarewa in mutum yana nemansa. Inna kuwa tunda ta bar regewa sai zama ya yi mata yawa, matan da ke shigowa da tirensu suna hira suka ragu, ta koma zama a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Shekara biyu muka yi a haka.

Da damina ta biyu Inna ta kwanta, ciwon da ba ta tashi ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar aka kira ni daga ofis. Na tarar da ɗakin cike, ƙanwarta, matan gida, maƙwabta. Ta ce a matso da ni. Ta lalubo ƙarƙashin matashi ta ciro wani ƙullin tsumma, ta sa mini a hannu. Ban buɗe ba na ji ƙarar.

"Babana, ka yahe min."

"Inna, ba ki yi mini komai ba. Ni ne..."

"A'a. Ka ce ka yahe, in ji da kunnena."

Duk ɗakin ana jirana. Ƙanwarta ta taɓa ni ta ce, "Hwaɗi mana, ka sauƙaƙa mata." Na dubi matan nan, na dubi Inna tana numfashi da ƙyar, na ce, "Na yafe, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Ni ma na yahe ma, duniya da lahira, abin da nis sani da wanda ban sani ba." Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Daga baya na kai maganar wurin wani malami da nake girmamawa, ban ɓoye masa komai ba. Ya ce tunda ta yafe har abin da ba ta sani ba, in sa rai da rahamar Allah, in yawaita mata addu'a da sadaka. Ina yi. Amma ba nan abin yake ci na ba. Ni na samu abin da nake tsoron rasawa, an yafe mini ba tare da na ji kunya ba. Ita ce ta biya. Abu ɗaya take da shi wanda take alfahari da shi a duniya, na bari ta ajiye shi, ta yi shekara biyu tana ganin hannunta ne ya cuci ɗanta, ta tafi a kan haka. Kuma ni mai laifin, ni na zauna a gaban mutane ina yafe mata.

Ɗan'uwan da ya yi tambaya, ban ce kada ka yi aikin ba. Ni ya amfane ni, yau da goshina nake sujada. In an ba ka magani ka shanye shi har ƙarshe, in ka ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kada ka jira a gama dashe. Amma in akwai wanda za ka ɓoye wa, ka tsaya ka duba da kyau, don ni na ɗauka ƙaryar a cikina kaɗai za ta zauna.

Kwalbar tana nan a aljihun teburina, kusa da sauran ƙwayoyin da ban sha ba. Yanzu shinkafar inji muke ci, ana cewa an cire tsakuwa, amma lokaci-lokaci nakan tauna ɗaya, in ajiye cokali, abincin ya fita raina. Shekara arba'in da wani abu na yi ina cin shinkafar Inna, kuma Allah shi ne shaidata, ban taɓa tauna tsakuwa ko ɗaya a cikinta ba. Ga shi na faɗa, a inda ba za ta ji ba.